Hannuwan Mai Radiyo

Ranar da kakana ya rasu, abin da mutane suka kwasa suka kai gidajensu ba labarin rasuwar ba ne. Maganar da matarsa ta yi a gaban makara ce.

An yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an ajiye shi a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaron da shi ya dasa. Ƙanensa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa kakata, wadda muke kira Iya, ta fito ta yi bankwana da mijinta, ta yafe masa kamar yadda aka saba. Ta fito tana dafa bango. Ta durƙusa, ta daɗe tana kallon wurin da hannuwansa suke a ƙarƙashin farin ƙyalle. Sannan ta yi magana, murya ba rawa.

"Na yafe masa duk abin da ke tsakanina da shi, na zama da na baki. Hannuwan nan ne ban yafe ba."

Gwaggo, babbar 'yarsu, ta toshe baki da gefen mayafi. Wata maƙwabciya ta ce a rabu da ita, zafin mutuwa ne ya taɓa ta. Ƙanen marigayin ya sake roƙonta, ya haɗa ta da Allah, amma ta miƙe ta koma ɗaki. Gawa ba ta jira, maza suka ɗauka suka fita.

A zaman makoki, maganar ta riƙa yawo daga tabarma zuwa tabarma. Tsofaffin abokan aikinsa na asibiti sun ji ta, suka sunkuyar da kai, don sun san abin da take nufi. Waɗanda ba su sani ba suka cike giɓin da abin da suka ga dama. Ina rabon ruwa na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ashe dattijon nan dukanta yake yi. Mutumin da ko akuya ta shiga masa hatsi sai ya roƙe ta ta fita.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina so a san ko wane ne shi, a kuma san abin da hannuwansa suka yi da har matar da ta fi kowa son sa ta bar shi ya shiga kabari da sauran magana a tsakaninsu. Wannan saura ita ta hana Gwaggo barci. Kullum sai ta shiga ɗakin takaba ta roƙi Iya, kullum sai ta fito tana share ido.

A gida Baba Tsoho muke ce masa. Gari kuwa Mai Radiyo ya sani. Ba radiyon jin labarai ba. Mu nan Damagaram, in likita ya ce a je a yi radiyo, hoton cikin jiki yake nufi, na ƙashi ko na ƙirji. Kakanninsa fatake ne daga Barno da suka zauna a unguwar Birni, shi kaɗai ne a gidansu aka kai lakwal, makarantar boko, daga can ya koyi wannan aiki, ya yi shi tun yana saurayi har furfura ta rufe shi.

Da Faransanci ya koyi aikin, kuma yana son kalmominsa. Lokacin da nake lise, babbar sakandare, in na dawo da darasin haske da zafi, sai ya sa in karanta masa, yana lumshe ido kamar mai jin waƙa, yana gyara mini lafazi. Amma yakan ce Faransanci ya ishe shi magana da inji, bai ishe shi magana da mutum ba. Masu zuwa wurinsa manoma ne daga Tirmini da Hamdara da Garagumsa, an ɗauko su a amalanke da karaya ko tarin da ya ƙi ji, an shigar da su ɗaki mai sanyi, an ce su tuɓe riga a gaban wani ƙarfe mai ido ɗaya. Saboda su ya ƙirƙiro nasa kalmomin.

Injin kansa Magira yake ce masa, sunan uwar sarki a ƙasar kakanninsa, wai don ba a tsayawa gabanta sai da dalili, kuma in an gama ba a daɗewa. Hasken da take fitarwa, wanda ido ba ya gani, fata ba ta ji, shi ne rana. Wanda ake ɗauka hoto shi ke cikin rana. Amma akwai abin da ke fallatsa gefe ya sami wanda ke tsaye kusa, wannan ya sa masa ƙaiƙayi. In ɗan rakiya ya ƙi fita daga ɗakin, ba ya yi masa dogon bayani. Sai ya tambaye shi ko ya taɓa tsayawa bayan mata suna sheƙar gero. Mutumin ya ce i. Ya ce to, ai ba kai ke sheƙa ba, amma wa ya kwana yana susa? Sai ka ga mutum ya tattara rigarsa ya fita da kansa.

Rigar darma mai nauyi da ake rataya wa mutum don ta tare hasken, walki ce, irin ta maƙeri. Ɗakin duhun da yake wanke hotuna, rijiya. In hoto ya sha haske da yawa ya yi baƙi, ya zama ƙanzo. In bai sha isasshe ba, ɗanye ne. In majiyyaci ya motsa, ƙasusuwa suka fito bibbiyu, hoto ya yi rawa. Hoton da ya yi rawa kuwa dole a sake shi, wannan sakewa ita ce maimai, kamar noma na biyu. Duk cikin kalmominsa babu wadda yake faɗa da ɓacin rai kamar maimai. Yakan ce jiki rumbu ne, duk zangarniyar da Magira ta jefa a ciki tana nan, ba a fitar da ita, don haka ba a jefa biyu inda ɗaya ta isa, balle a rumbun yaro.

Akwai kuma wani ɗan abu da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji, wanda ke tara lissafin hasken da ya same su, a aika da shi nesa a karanta. Laya yake ce masa. Yana dariya yake cewa ita ce layar da ba ta tsare mai ita, sai dai ta ba da labari bayan an gama.

Mu da muka tashi a gidansa, mun zaci duk duniya haka take magana. In na yi wanke-wanke na bar maiƙo, Iya ta ce sai maimai. In manya suna faɗa, a kore mu waje kada ƙaiƙayi ya same mu. Sai da na girma na gane cewa waɗannan kalmomi daga wani ɗaki suka fito, ɗakin da ban taɓa shiga ba.

Wani dattijo daga Hamdara da ya zo gaisuwa ya ba maza dariya a zaure, har aka tsawata musu. Ya ce shekarun baya an kawo shi da ciwon ƙirji, ya ƙi tsayawa gaban injin, don an gaya masa yana ganin har abin da ke zuciyar mutum. Baba Tsoho ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya kwantar da hankali, Magira ƙashi kawai take gani, ba ta ganin ƙarya, ba ta ganin zunubi, da tana gani da tuni garin nan ya watse, shi ma da bai zo aiki ba. Dattijon ya ce yana cikin dariyar aka ce ya ja iska ya riƙe, kafin ya ankara an gama.

Amma kalmar da ta jawo maganar hannuwa daban take.

Ƙaramin yaro ba ya tsayawa a yi masa hoto. Sai an riƙe shi, kuma wadda yake yarda da ita uwarsa ce. Mai riƙo kuwa tana tsakiyar ƙaiƙayi. In tana da juna biyu, bai kamata ta tsaya a wurin ba, haka aka koya masa, haka kuma ya yi imani. To, yaya namiji baƙo zai tambayi matar ƙauye ko tana da ciki, ga uwar mijinta tsaye, ga ƙanen miji a bakin ƙofa? Ko ta sani ba za ta faɗa ba. In cikin fari ne, kunya ta hana. In kuwa yaron da ta kawo bai isa yaye ba, to kwanika ke nan, abin da mace ke ɓoyewa har daga uwar da ta haife ta. Ya gwada tambaya kai tsaye a farkon aikinsa, duk matan suka ce babu, wasu ya gan su bayan watanni da goyo.

Sai ya nemo dabara. Yakan juya baya kamar yana gyara wani abu a jikin injin, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji. Ya ce: 'Yata, zan kunna fitila, kuma ba a kunna fitila a kan mai barci. In akwai mai barci a ɗaki, ba sai kin ce komai ba, ki gyara kallabinki. Sai ya waiwayo da wutsiyar ido. In hannunta ya tafi kai, sai ya ce ta fita ta sha iska, ta gaji da hanya. Ya karɓi yaron ya riƙe da kansa, abokin aikinsa ya danna injin.

Akwai safar hannu ta darma da aka tanada don mai riƙo. Ba ya sa ta. Ya ce tauri gare ta kamar busasshiyar fata, yaro na suɓucewa a cikinta, hoto ya yi rawa, a koma maimai. Walki yake sawa, hannuwan kuwa tsirara, kusa da rana, wani lokaci ma a cikinta. Injin wancan zamani ba irin na yau ba ne, ranarsa zafi gare ta, ƙaiƙayinsa yawa gare shi. Sau ɗaya ba ya yi wa kowa komai. Amma nasa sau ɗaya ne na kowace rana, shekara da shekaru.

Ni ban san hannuwansa da lafiya ba. Na san su da fata siririya mai sheƙi kamar ɓawon albasa, ba gashi ko ɗaya, farata sun tsattsage, ga gyambon da in ya warke nan sai ya buɗe can. Ina ƙarama aka cire masa yatsu a hannun hagu, daga baya aka ƙara. Ba ya iya sa maɓalli. Ba ya iya yagar nama. Carbinsa mai manyan 'ya'ya ne da Iya ta sa aka nemo masa a kasuwar Alhamis, don ƙananan sun daina tsaya masa. Duk da haka in zai shafa kaina, da bayan hannu yake shafawa, a hankali, kamar iskar da ta biyo ta taga. Har yau in na tuna shi, wannan sanyin nake fara ji a goshina.

Iya ce hannuwansa. Ita ke zuba masa ruwan alwala, ta sa masa maɓalli, ta gutsuttsura masa tuwo. Kowace safiya bayan rana ta ɗaga, sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ta ɗauko gwangwanin man kaɗe, ta ɗora hannunsa a cinyarta tana shafawa yatsa bayan yatsa, har da guraben waɗanda babu. Tana shafawa tana faɗa. Faɗan nan ya girme ni, kuma bai taɓa canza hanya ba.

"Kai dai ka faɗa mini," in ji ta, "wace macen kirki ce namiji zai tambaye ta abin da ke cikinta, hannunta bai tafi kallabi ba? Ni da na tsufa, in wani ya yi mini tambayar nan yanzu sai na taɓa."

"To, in akwai fa?"

"In babu fa?"

"In babu, na riƙe yaro, uwarsa ta huta," in ji shi.

"Ni kuma na riƙe ka."

"Kin ga ashe aikin zagayawa yake."

Sai ta ɗan matse masa yatsa har ya ce wash, ta ce Allah ya ƙara. Wani lokaci ta tono maganar laya, yadda takan same ta a aljihun rigarsa ta gida ranar wanki, alhali a ƙirjinsa ya kamata ta kwana ta wuni a wurin aiki. Ta ce ɓoye ta yake yi don kada a karanta a ce ya huta. Shi kuwa ya ce mantuwa ce. Ta ce mantuwar da ba ta taɓa manta hularsa ba. Daga nan sai ya ɗaga kai yana kallon ganye.

Na daɗe ina zaton wasa ne irin na tsofaffi. Sai ranar da aka dawo da shi daga yankan ƙarshe na ga Iya a bayan ɗaki, ta tusa fuska a zane tana kuka ba sauti. Ta ce mini tun tana amarya take roƙonsa. Ta ce hannuwan nan da su aka kai sadakinta, da su ya fara ɗaukar 'ya'yanta, nata ne, ya kwashe ya rabar wa matan da ko sunansa ba su sani ba, a kan taɓa kallabi. Ba jahilci ba ne, ya fi kowa sanin abin da rana ke yi. Da saninsa ya yi, kuma bai taɓa neman shawararta ba.

Ana cikin kwanakin gaisuwa wata mata ta zo daga Tirmini da ƙwaryar sabon gero. Ba wanda ya san ta. Ta zauna a ƙofar ɗakin takaba ta ce ta ji rasuwar ne a bakin masu zuwa kasuwa. Ta ce tana yarinya ta kawo ɗanta da karayar ƙafa, tare da uwar mijinta, dattijon nan ya yi mata tambayar mai barci, ya karɓi yaron ya riƙe, yana yi masa waƙa da wani yare har ya yi shiru. Yaron yanzu magidanci ne, da ƙafarsa yake bin shanun huɗa. Gwaggo ta ji daɗi, ta matso, ta ce ashe ke ma ya tsare miki mai barci. Matar ta yi dariya ta rufe fuska.

"Wallahi Hajiya ba kowa a ɗakin. Kunya ce ta kama ni, kallabin ma zamewa yake."

Daga bayan labule muka ji muryar Iya: "Kun dai ji da kunnenku."

Gwaggo ta rasa inda za ta sa kanta. Shaidar da ta zaci za ta sassauta zuciyar Iya ita ta ƙara ɗaure ta. Bayan tafiyar matar, Iya ta ce a ajiye geron, a yi masa sadaka da shi, amma maganarta tana nan.

Haka muka zauna har aka yi nisa da girbi. Yayana ya tafi Garagumsa kwaso hatsin gonar gida, ya bar matarsa da ɗansu na fari, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ko yaye shi ba a yi ba. Uwarsa na jin kunyarsa irin ta ɗan fari, don haka kusan a cinyar Iya ya tashi. Wata hantsi ya hau turmin da aka kife, ya faɗo a kan hannunsa. Kafin a jima hannun ya kumbura, ko taɓawa ba ya bari a yi.

Wata maƙwabciya ta ce a kira maɗori. Iya ta ce daga cikin ɗaki, a gidan Mai Radiyo ba a ɗori sai an ga hoto. Matar Yaya ta saɓa yaron a kafaɗa, ni na ɗauko mayafina, Gwaggo ta aika a tsayar da abin hawa. Muna shirin fita Iya ta ɗaga labule ta kira matar Yaya. Ba ta kalle ta ba. Ta juya tana gyara shimfiɗar gado da ba abin da ya same ta, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, can za a kunna fitila. In akwai mai barci a ɗaki, ba sai kin ce komai ba."

Ba ta ma kai ga maganar kallabi ba. Hannun matar Yaya ya riga ya tafi kai, idonta a ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Haba Iya, ke da bakinki kike cewa kowace mace sai ta taɓa."

"Na sani."

Ta tsaya riƙe da gefen zanen gado. Yaron na ta kuka. Na ga leɓenta na motsi kamar mai gardama da wani da ba ma gani. Can ta saki zanen, ta ce:

"To, in akwai fa?"

Ta jawo mayafinta. Gwaggo ta tuna mata takaba, ta ce lalura ba ta san takaba ba, kuma kafin la'asar tana ɗakinta. Na ce ni zan riƙe shi. Ta ce mini ni rumbuna ko buɗe shi ba a yi ba, nata kuwa an gama awo an share, kuma yaron ba zai tsaya a hannuna ba. Wannan gaskiya ne.

Ranar na fara ganin ɗakin. Ba Magirar Baba Tsoho ba ce, an daɗe da kawar da ita. Wannan fara ce, siririya, ba ta ƙara. Rijiya ma babu, hoto a allo yake fitowa. Wata matashiya ce ke aikin, ba za ta girme ni da yawa ba, kuma ba ta san mu ba. Ta ja matar Yaya gefe, mace da mace, suka yi ƙus-ƙus, ban ji me aka ce ba, sai dai na ga ta nuna mata benci a waje. Ta ce wa Iya kada ta ji tsoro, tsayuwa ɗaya ba ta cutar da kowa, injin yanzu haskensa kaɗan ne. Sannan ta leƙa ƙofa ta ce a miƙo mata walki.

Na kalli Iya. Ita ma ta ji.

Na taya ta sa rigar darmar, nauyinta ya sa ta ɗan durƙusa. Aka zura mata safar hannu. Ta kai hannu za ta kama yaron, ya ga wasu baƙaƙen abubuwa sun nufo shi, ya ƙwalla ƙara yana zillo, ya suɓuce mata, ya sake suɓucewa. Matashiyar ta ce a hankali:

"Mama, ki riƙe shi da kyau, ba ma son maimai."

Iya ta tambaye ta wa ya koya mata wannan kalma. Ta ce ba ta sani ba, haka ta tarar ana faɗa a ɗakin, kowa haka yake cewa. Iya ta zare safar ta ajiye a kan tebur, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin yaron, ɗayan a kafaɗarsa. Nan take kukan ya koma ajiyar zuciya. Matashiyar ta matsar da yatsun Iya gefe, ta nuna mata iyakar inda hasken zai sauka, ta ce kada ta ƙetare nan. Aka ce in fita, na fita.

Hoto ɗaya aka yi, bai yi rawa ba. Tsagewa ce ƙarama, aka ɗaure hannun, likita ya ce ƙashin yaro ba ya riƙe fushi.

Da muka isa gida Iya ba ta shiga ɗaki ba, sai ta sa na shimfiɗa mata tabarmar nan a ƙarƙashin dogon yaro. Ta zauna ta buɗe hannuwanta a cinya tana kallo, kamar wani ne ya ba ta aron su. Gwangwanin man kaɗe na nan a gindin bishiyar inda ta bar shi tun safiyar da ya kwanta ciwon ajali.

Ta ce, ba da kowa take ba, cikin safar nan ba a jin yaro. Da ta cire, zuciyarsa ta riƙa bugawa a tafinta kamar ta ɗan tsuntsu, sai da ta ji tana lafawa. Ta ce ita sau ɗaya ta yi, kuma jininta ne. Sannan ta ce wa Gwaggo ta aika a kira mata ƙanen mijinta, tunda a gabansa ta ɗaura, a gabansa za ta kwance.

Ya zo da sauri, ko hula bai daidaita ba. Ya tsuguna daga nesa. Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Maganar da na yi ranar nan, na janye. Na yafe masa hannuwan, duniya da lahira." Ta ɗago ido. "Amma dabarar kallabin nan dabarar banza ce, wannan ko a gabansa zan maimaita."

Ya ce Alhamdu lillahi, hawaye na bin gemunsa yana dariya. Gwaggo ta kifa kai a gwiwa. Matar Yaya na tsaye a ƙofar madafa da yaron a baya, hannunsa ɗaure da farin ƙyalle. Ko akwai mai barci a ɗakinta, ko babu, har yau da nake rubutun nan ban sani ba. Ba wanda ya tambaye ta, ba kuma wanda zai tambaya.

Ga wadda na ji tana raɗa a ranar makoki, da duk wanda maganar ta iske, abin da hannuwan kakana suka yi ke nan.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya karɓi abin da ya rabar, wanda ya faɗa a kan mai barci da wanda ya faɗa a kan kallabin da ya zame. Allah ya mayar masa da yatsunsa cikakku, ya haskaka makwancinsa da hasken da ba shi da ƙaiƙayi. Iya kuma Allah ya ba ta haƙurin safiya, don har yanzu in rana ta ɗaga takan buɗe gwangwanin nan, ta lakato man, sannan ta tuna. Jiya na ga ta rasa inda za ta kai shi, sai ta kira yaron, ta ɗora lafiyayyen hannunsa a cinyarta, tana shafawa yatsa bayan yatsa, tana yi masa faɗan hawan turmi.